Laƙabinmu da Laƙab ɗin Hukuma: Asalin Sunayen Gidajen Hausawa a Tamanrasat

Duk wanda a cikinmu ya taɓa bin layi a baladiyya nan Tamanrasat domin cire takardar haihuwa, ya san tambayoyi biyu da ma'aikaci ke fara jefo masa ta taga: al-ism, sannan al-laƙab. Ta farko ba ta ba kowa wahala, sunan yanka ake nufi. Ta biyun ce takan sa dattijo ya yi turus. A kunnen Bahaushe, laƙabi shi ne Ɗanjuma ko Dogo ko Maigoro, sunan da kaka ko abokan wasa suka liƙa wa mutum, nasa ne shi kaɗai, kuma da shi za a binne shi. A bakin ma'aikacin gwamnatin Aljeriya kuwa, laƙab shi ne sunan da gida guda ke ɗauka gaba ɗaya, daga kaka har jika, ba ya motsi. Kalmar Larabci ce guda ɗaya. Kakanninmu sun are ta tun zamanin da suka ba ta wani aiki, hukumar nan kuma ta ba ta wani dabam. A tsakanin ma'anonin nan biyu ne takardun gidajenmu da yawa suka harɗe, har aka sami wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da sunan iyalinsa.

Mu fara da abin da muka taso muka tarar. Bahaushe yana da suna fiye da ɗaya, amma a cikinsu babu wanda ake gado. Ran bakwai da haihuwa ake yanka rago, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, daga nan yaro ya zama Abubakar ko Usmanu ko Hadizatu. Sai dai sunan yankan nan sau da yawa ajiye shi ake yi kamar rigar salla. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta ambaton sunan surukinta, idan kuma aka mayar wa jariri sunan kakansa, to duk gidan sun shiga kunya. Daga nan alkunya ta samo gindin zama. Abubakar ya koma Garba, Usmanu ya koma Shehu, Umaru ya koma Sanda, Yusufu ya koma Maitama, mai sunan kaka kuma a kira shi Abba ko Baba. Bayan wannan ga sunayen da lokaci ko yanayin haihuwa ke bayarwa. Ɗanladi da Ladi ranar Lahadi suka zo, Balarabe da Larai ranar Laraba, Jummai ranar Juma'a. Tanko namiji ne da ya biyo bayan mata, Kande mace ce da ta biyo bayan maza, Gambo shi ke bin tagwaye, Nomau ya zo ana tsakiyar noma. Ajuji kuwa labarin baƙin ciki ne dunƙule a kalma ɗaya: 'ya'yan uwarsa sun yi ta mutuwa, sai aka yi kamar an yar da shi a juji, ko mutuwa ta raina shi ta wuce.

To da me ake gane gidan mutum, tun da babu sunan iyali? Da sunan ubansa da farko, a ce wane ɗan wane. In ya yi nisa da gida sai garinsu ya karɓi aikin: Bakatsine, Bagobiri, Ba'adare, Badamagare. Sana'ar gado ma tana faɗin asali, domin maƙeri ɗan maƙeri ne, haka wanzami da mahauci da baduku. Ga kuma zane. Kafin zuwan takarda, a fuska Bahaushe yake ɗauke da sunan gidansu. Mutum ya shigo kasuwar Agadas bai buɗe baki ba, an riga an karanta a kumatunsa cewa Bagobiri ne, abokin wasansa ya taso masa da zolaya tun kafin su gaisa. Yau zanen ya kusa ƙarewa, bisa dalilai na lafiya da na zamani da ba mu musu da su, amma mu sani wani rajista ne guda ya rufe.

Abin da ya fi kusa da sunan iyali a tsohuwar ƙasar Hausa shi ne sunan zuri'a, musamman a tsakanin malamai da fatake, kuma abin sha'awa, da yawa daga cikin zuri'o'in nan ta hanyar hamadar da muke zaune a cikinta suka bi. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili mutumin Tilimsan ne, ya zauna a Tamantit cikin Tuwat, ya ratsa Abzin ya isa Katsina da Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga baya ya koma Tuwat, can ya rasu wajen 1504, ƙabarinsa yana wilayar Adrar. Har gobe akwai unguwar Sharifai a birnin Kano, mutanenta suna danganta kansu da shi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro zuwa Gwanja, daga ƙasar Buzaye kakanninsu suka gangaro kudu, suka rikiɗe suka zama Hausawa, sunan zuri'ar kaɗai ya rage yana tuna musu inda suka fito. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, Ba'agale ne. Tata sunan matar da ta raine shi ne, aka riƙa ce masa ɗan Tata, laƙabin ya bi shi, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa har ya zama sunan gidan da ya fi kowane shahara a kasuwancin Kano. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin sunayen iyali na gaskiya da Hausawa ke da su, sunan mace ne mai raino. Masu kafa hujja da cewa sunan gida dole ya fito daga namiji mai sarauta, sai su tsaya su dubi wannan.

Mu ma ba mu ne Hausawan farko a Aljeriya ba. Ayarin da ke kai gishiri da tufafi kudu, yakan komo arewa da bayi, cikinsu har da mutanen ƙasar Hausa. Faransa ta haramta bauta a yankunan da take mulki a 1848, ko da yake a cikin hamada abin ya daɗe bai mutu ba. Waɗannan bayin Allah an raba su da sunan uba, an raɗa musu sababbi irin su Mubarak da Mas'ud da Bilal, amma ba su yarda sunan ƙasa ya ɓace ba. A birnin Aljiyas, a farkon ƙarni na ashirin, baƙaƙen fata suna da gidajen taro bakwai, kowane da sunan ƙasar da mutanensa suka fito, cikinsu akwai na Barno, da na Katsina, da na Zazzau. A Kusantina ma an san gidan da ake kira Dar Hausa. Waƙoƙin diwan na Sidi Bilal da ake yi a yammacin ƙasar nan har yanzu suna ɗauke da kalmomin Hausa, ko da yake masu rera su ba sa jin harshen. Irin wannan ne ya faru a Hijaz, inda jikokin mahajjatan da suka zauna suka zama Hausawi da Barnawi da Fallata, sunan al'umma gaba ɗaya ya zama sunan iyali. Wanda ya rasa sunan kakansa yakan rungumi sunan ƙasarsa.

Laƙab ɗin da ake tambayarmu a taga kuwa yana da ranar haihuwa: 23 ga Maris 1882. Ran nan ne Faransa ta kafa dokar da ta tilasta wa Musulmin Aljeriya kowane gida ya ɗauki sunan iyali tabbatacce. Kafin nan Balarabe da Bakabile suna yin yadda muke yi, wane ben wane ben wane, a haɗa da sunan ƙabila. Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Tun 1873 aka yi dokar Warnier mai raba filayen ƙabila zuwa mallakar mutum ɗaya ɗaya, domin su sayu ga Turawa 'yan kama wuri zauna, kuma ba a iya rubuta takardar fili, ko karɓar haraji, ko ɗaukar soja, sai an san wane ne wane a rubuce. Dokar ta ba babban namiji na gida damar zaɓen suna, in ya ƙi ko bai zo ba, jami'i ya zaɓa masa. Nan aka yi ɓarna. An raba 'yan kaka ɗaya aka ba su sunaye dabam dabam, an liƙa wa wasu sunan dabba ko na naƙasa ko na zagi, wasu kuma aka rubuta musu haruffa uku, SNP, ma'ana marar sunan iyali, suka yi ta yawo da su a katinsu shekara da shekaru. In mun ji maƙwabcinmu ɗan arewa yana da laƙab mai ban dariya, kada mu yi dariyar, tabon mulkin mallaka ne.

Dokar ta daɗe kafin ta iso nan. Sai a 1902 Faransawa suka karya Kel Ahaggar a yaƙin Tit, a 1904 Musa ag Amastan ya yi sulhu da su a In Salah. Lokacin da Charles de Foucauld ya sauka Tamanrasat a 1905, gidaje wajen ashirin ya tarar na manoma a bakin kwari. Kudu duka a hannun soja take, makiyayi kuma ba ya zuwa ofis. Buzaye suka ci gaba da tsarinsu, ag ga namiji, ult ga mace, Kel ga jama'a. Yadda tsarin nan ya daskare ana iya ganinsa a gidan sarautar Ahaggar kanta. Amenokal Akhamuk ag Ihemma ya haifi Bay ag Akhamuk, wanda ya rasu a 1975. Wanda ya gaje shi kowa ya san shi da Alhaji Musa Akhamuk. Ag ta faɗi, sunan uba ya tsaya cik ya zama na gida. Bayan samun 'yancin kai a 1962 ne aka kammala aikin: dokar rajistar jama'a ta 1970, dokar 1971 mai ba da damar sauya suna mai muni, dokar 1976 da ta wajabta wa duk marar laƙab ya zaɓi ɗaya, sai kuma dokokin 1981 da suka tsara jerin sunayen yanka na ƙasa da yadda za a mayar da sunayen iyali cikin haruffan Larabci.

A daidai shekarun nan ne yawancin iyayenmu suka iso. Akwai waɗanda suka riga su, fatake da malamai da mahauta da suka biyo ayarin Abzin, amma farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, su suka turo jama'a da yawa daga Adar da Damargu da Damagaram da Gobir, ta Arlit da Asamaka da In Gezam, kilomita wajen 400 daga nan. Garin kuma ya zama hedikwatar wilaya a 1974, gine-gine suka tashi, ana neman hannu. Suka sauka a Gat'al Wad da Tahaggart da sauran unguwanni, kowa da irin sunan da ƙasarsa ta saba rubutawa.

Ƙasashen namu biyu kuwa hanya biyu suka bi. A Arewacin Nijeriya makarantar boko ce ta haifar da suna na biyu. Yara sun taru daga larduna a aji guda, Muhammadu biyar, Abubakar huɗu, ga kunyar ambaton sunan uba, sai aka riƙa bambanta su da garuruwansu. Haka aka sami Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shehu Shagari, da Abubakar Gumi. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina kafin ta zama sunan gidan da ya ba Nijeriya shugaban ƙasa a 2007. A Nijar kuwa Faransawa sunan yankan uba suka riƙa rubutawa a gurbin sunan iyali, kuma haka abin ya ɗore. Sakamakonsa shi ne sunan iyali yana sauyawa da kowane ɗa. A ce Isufu ɗan Garba ya haifi Sani, to uban Isufu Garba ne a takarda, ɗan kuma Sani Isufu. A Tawa ko Maraɗi ba wanda zai ɗaga gira. A tagar baladiyyar Tamanrasat kuwa, inda dokar farar hula ta 1975 ta ce laƙab ɗin namiji yana bin 'ya'yansa, ma'aikaci zai dubi takardun biyu ya ce bai ga abin da ya haɗa mutanen nan ba.

Saboda haka in muka bi sunayen gidajenmu na nan ɗaya bayan ɗaya, za mu tarar akasarinsu sunan wani mutum guda ne da ya daskare ranar da aka fara rubuta shi. Wani sunan yankan kaka ne, wani alkunyarsa ce, wani laƙabinsa na kasuwa. Gidan da ake kira Tanko yau, mata da maza, kakansu ne ya biyo bayan 'yan'uwa mata, jikokin kuwa wataƙila ba su taɓa jin ma'anar ba. Masu ɗauke da Madugu, kakansu shugaban ayari ne, kuma a garin da ayari ya gina wannan ba ƙaramin gado ba ne. Masu Mai a gaba, irin Maiguga da Mairiga da Maikano, sana'a ce ko dukiya ko gari. Masu Ɗan a gaba, wani lokaci uba ake nufi, wani lokaci gari, wani lokaci ranar haihuwa, sai an tambayi tsofaffi kafin a rarrabe. Bawa kuma, wanda wasu matasanmu ke jin nauyinsa, sau da yawa bawan Allah ake nufi, alkunyar Abdullahi, kuma Bawa Jangwarzo da ya riƙe Gobir a ƙarni na sha takwas bai ɓoye shi ba.

Inda aka fi yi mana rauni shi ne wajen rubutu. Sunanmu yakan bi ta harsuna uku kafin ya zauna a daftari. Daga bakin Bahaushe ya shiga alƙalamin Faransanci, wanda ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ: Mainasara ya zama Maïnassara kamar yadda ake rubuta sunan tsohon shugaban Nijar Ibrahim Bare, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Ciroma ya zama Tchiroma. Daga nan wani ma'aikaci ya mayar da shi haruffan Larabci bisa yadda idonsa ya karanta Faransancin. Sai ka ga Isufu, wanda asalinsa Yusuf ne, sunan Annabi da kowane Balarabe ya sani, ya komo Larabci a wata siffa da ba ta da ma'ana a kowane harshe. Shu'aibu ya rasa aininsa a hanya. Uban da aka rubuta Garba a takardar aure, a takardar haihuwar ɗansa an rubuta Boubacar, mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar uba da ta ɗa, sai an je kotu neman gyara, kafin nan rajistar jarrabawa ta wuce, ko fasfo ya tsaya, ko rabon gado ya jira. Tun 2005 doka ta ba uwa 'yar Aljeriya damar ba ɗanta ƙasa, gidajenmu da yawa da suka yi auratayya da mutanen gari suna da wannan haƙƙi, amma haƙƙin ta kan takarda yake bi, takardar kuma ta kan suna.

Akwai kuma saɓani tsakanin kwanakinmu da na hukuma. Mu sai ran bakwai muke raɗa suna, kafin nan jariri baƙo ne kawai. Doka ta ba da kwana biyar a kai rahoton haihuwa, a wilayoyin kudu aka tsawaita zuwa ashirin, wanda ya ishe mu yin suna a natse. Amma sau da yawa tun a asibiti ake tambaya, uba yana can wurin aiki, sai wata gwaggo ta faɗi abin da ya zo bakinta, ran suna kuma liman ya raɗa wani dabam. Yaro ya tashi da suna biyu, na rago da na takarda. Dokar ta kuma ce sunan yankan ɗan Musulmi ya kasance mai amon Aljeriya, don haka Ladi da Kande da Gambo ba lallai su sami shiga daftari ba. Wannan bai dame mu sosai ba, domin dama can ba sunayen yanka ba ne, a tsakar gida suke rayuwa, kuma can ya kamata mu ci gaba da kiransu.

Ra'ayinmu a nan shi ne, tun da dai dole ne suna ɗaya ya daskare, gara mu zaɓe shi da kanmu da a zaɓa mana a taga. Gidan da bai riga ya shiga daftari ba, 'yan'uwa su zauna su tsai da kaka guda, su tsai da rubutu guda na boko da na Larabci, kowa ya riƙe kwafi, na Tamanrasat da na In Salah da na Agadas. Gidan da ya riga ya shiga da kuskure, a gyara tun tsofaffin da za su ba da shaida suna raye. Muna kuma ganin wasu, da zarar sun sami wadata, sai su nemi jingina da sharifta ko da wata ƙabilar Larabawa, su yar da Maƙeri ko Wanzam ko Ba'adare. Kowa da ikon sunansa, amma mutanen garin nan sun san salsalar juna sarai, aron nasaba ba ya ɓoyuwa a Ahaggar, kuma jikan da aka raba da sunan kakansa na gaskiya ba zai san ƙauyen da zai nema ba in ya tashi neman dangi. Hausawa sun ce suna linzami ne. Littafin rubutu na dinari kaɗan ya isa a zauna da kaka a rubuta wane ɗan wane har inda ƙwaƙwalwarta ta tsaya, da garin da aka baro, da shekarar da aka baro shi, da irin zanen da ke fuskar mahaifinta.

Suna guda dai namu ya riga ya shiga bakin kowa a garin nan ba tare da ya bi ta baladiyya ba. Mahautan da suka zo daga kudu suka kafa tukuba, ana kiran kowanensu mai nama, kamar yadda ake yi a Ƙonni ko Kano. Larabawa da Buzaye suka ji kalmar suka ɗauka sunan gasasshen naman ne. Yau baƙon da ya sauka daga Aljiyas ko Wahran lokacin kasuwar Assihar, abin da yake fara tambaya shi ne inda ake sayar da mainama, kuma kaɗan ne a cikinsu suka san da Hausa suke magana.